Caji a Motar Marigayi

Karo na uku ke nan Malama tana juya bakin tsohuwar igiyar cajin mijinta, ta gwada ta nan ta gwada ta can, amma ya ƙi shiga. Ta gyara zaman tabarau, ta kawo abin dab da hancinta. Ramin da ke jikin kwamfutar hannun ya fi bakin igiyar faɗi. Ta koma ga ɗaya igiyar, wadda ta zo a kwali ɗaya da kwamfutar, ita kuma ta ƙi shiga kan cajar da ke maƙale a ramin kunna sigari. Igiya biyu a cinyarta, kowace da inda ta ƙi.

A kujerar gaba take zaune, wadda marigayi mijinta yake ce wa kujerar mai zaman banza in yana son tsokanarta. Wata bakwai rabonta da buɗe motar nan. Tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti babu mai ita, ƙaninsa ya saka ta ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya lulluɓe ta da tamfol, ya miƙa mata makulli. Da tana wucewa ta gefenta ne kamar mai wuce ƙofar ɗakin da wani yake barci.

Abin da ya shigo da ita yau, kwana biyar ke nan da taransifomar unguwar ta yi bindiga. Wayarta ta mutu tun shekaranjiya, jiya kuma kwamfutar, wadda ita take ce wa allo saboda shekara talatin da ɗaya da ta yi tana koyarwa a firamare. Auta ne ya aiko mata da allon daga ƙasar da yake aiki, kuma duk Asabar ƙarfe huɗu yake kira, ta ga fuskarsa da ta jikarta. Sauran kwana shida na mako jira ne kawai. Yau Asabar, ga shi har sha ɗaya ta gota.

Ta zuba allon da igiyoyin da kan cajar a jaka, ta kulle gida ta nufi kasuwa.

Shagon masu caji ta fara biyawa. Janareta na ta ruri, wayoyi sun cika katako kamar kifin da aka shanya, kowace da 'yar takarda manne a bayanta. Mai wurin ya ce in dai irin wannan babban ne sai ta bar shi, ta dawo gobe da hantsi. Ta yi godiya ta fito. Ko da ba don kiran ba, ba ta jin za ta iya barin allon ya kwana a hannun wani. Duk hotunan marigayi na ƙarshe a ciki suke.

A layin masu kayan waya ta tsaya gaban wata matashiya mai tebur, wadda ta toshe kunne ɗaya tana jin waƙa. Malama ta baje kayanta ta fara bayani tun daga tushe, kamar tana gaban aji. Matashiyar ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Kallo ɗaya ta yi wa igiyar marigayi ta yi dariya, ta ce wannan ai tsohon yayi ne, har kakanta ya daina amfani da irinta. Ta ɗauko sabon kan caja mai rami biyu, ta ce da wannan da igiyar kwali an gama magana, cikin awa ɗaya allon zai farfaɗo.

Malama ta juya tsohuwar igiyar a hannunta. Kusa da bakinta akwai inda marigayi ya naɗe da baƙin salatif, naɗi mai kyau, daidai wa daida, irin aikinsa.

"Babu abin da za a yi wannan ɗin ta yi aiki?"

"Akwai, Mama. Adafta." Ta zaro wani ɗan ƙarfe da bai fi farce ba, ta cusa shi a bakin igiyar, sai ga shi ya shige ramin allon tsaf. "Amma fa a hankali zai riƙa sha, kamar ɗigon famfo. In sauri kike yi, ɗauki sabon."

Malama ta ce a ba ta adaftar. Matashiyar ta ɗaga kafaɗa ta ƙulle mata a leda, ta mayar da abin jin waƙarta.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta sake zama a kujerarta. Ta haɗa komai yadda aka nuna mata, ta miƙa hannu ta murɗa makulli. Shiru. Ko ɗan jan haske bai kawo a gaban sitiyari ba. Ta zare ta sake sakawa, ta hura ramin, ta buga allon a tafin hannu. Ta fara zargin yarinyar nan ta sayar mata da jabu, sannan ta koma zargin kanta. Zafi ya cika motar. Ta daɗe zaune gumi na bin wuyanta, tana kallon bangon da ke gabanta. Can ta ji ta ce a fili, "To kai da ka san kanta, sai ka faɗa mini." Jin muryarta a cikin motar ya ba ta kunya, ta buɗe ƙofa ta fita.

Ba ta saba roƙon maƙwabta ba. A makonnin farko gidan cike yake da masu gaisuwa, daga baya ƙafa ta ɗauke, ita kuma ba ta bi kowa ba. Amma ta hango tasi ɗin maƙwabcinta a ƙofar gidansa, ya dawo cin abincin rana. Ta tsaya a bakin ƙofarsa ta yi sallama sau biyu kafin muryarta ta fita sosai.

Mai tasi ɗalibinta ne a aji uku. Yanzu ga furfura a gemunsa, ga tumbi, amma yana ganinta ya ajiye cokali ya miƙe yana goge hannu a wando. Da ya ji bayani bai ko taɓa adaftar ba. Ya ce batirin motar ne ya kwanta, wata bakwai ba wasa ba ne. Ya sa ta buɗe masa babbar ƙofa, ya shigo da tasi ɗin har hancin motocin biyu ya kusa haɗuwa, ya ɗaga bonet ɗinsu, ya fito da wasu kaurara igiyoyi, ja da baƙa, masu baki kamar na kada. Yana maƙala su yana yi mata bayani: ja ga ja, baƙa ga baƙa, in aka kuskure sai wuta ta tashi.

"Yau ni ne malamin," ya ce.

"Kai da bakwai sau takwas ta kusa kashe ka?"

"Har gobe ban san ta ba, Malama. Amma ga shi ina ci da iyali."

Ta yi dariya, dariyar ta zo mata da tari don an daɗe ba a yi ba.

Ya shiga wurin direba ya murɗa. Motar ta yi gurnani ta mutu. Ya jira, ya sake. A na huɗu ta yi tari, ta girgiza, ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Ƙarar da ta sani ce, da ɗan kaɗawar nan daga ƙasa wadda makanikai uku suka kasa ganowa. Malama ta dafa ƙyauren motar, ta juya fuska kamar hayaƙin ne ya shiga idonta.

Mai tasi ya naɗe igiyoyinsa, ya ce kada ta kashe sai ta yi kamar awa biyu, ta bar tagogi a buɗe, mai kuma akwai wanda zai isa. Fasinja na jiransa, ya fita, ta rufe ƙofa.

Ta koma kujerarta ta jona allon. Minti goma baƙi ƙirin. Sai ga hoton batir ya fito da ɗan jan layi a gindinsa. Ta ɗora shi a cinya ta riƙe bakin igiyar da yatsa biyu, don ta lura in ta saki, cajin yankewa yake. Haka ta zauna. Ƙarfe uku da kwata allon ya kunnu da kashi biyu. Ƙarfe huɗu ya kai bakwai. Ta gyara ɗankwali, ta goge fuska, ta duba kanta a ɗan madubin da ke sama.

Huɗu ta wuce da minti goma, da ashirin. Yatsunta suka sage, ta sauya hannu.

Huɗu da rabi allon ya yi ƙara. Auta ne, shi ma a cikin mota, tuƙi yake yi, wayar na maƙale a gabansa, rabin fuskarsa take gani. Ya gaishe ta idonsa na kan hanya. Ya ce ta yi haƙuri, aiki ne ya riƙe shi, yarinyar kuma uwarta ta kai ta gidan ƙawa, sai wani satin. Ya tambayi ƙafarta da magungunanta, ta ce duk lafiya. Ba ta ambaci wuta ba. Daga nan ya ce dama akwai maganar da yake so su yi: wani abokinsa zai turo mutum ranar Litinin ya duba motar Baba, tunda tana nan tana ruɓewa a banza, ƙila ma injin ya riga ya tafi.

"Tana tashi," ta ce.

"Wa ya ce miki, Mama?"

Ta sunkuyar da allon ƙasa wajen ƙafafunta iya inda igiyar ta kai, ta riƙe shi a nan. Da ta ɗago, ya gangara gefen hanya ya tsaya. A karon farko yana kallonta sosai, da kujerar da ke bayanta, da tagar.

"A ciki kike?"

"A ciki nake."

Ya shafa fuska. Ya ce har yanzu abin nan na ƙasa bai daina kaɗawa ba. Ta ce bai daina ba. Suka zauna haka, kowa a motarsa, har wani ya danna masa oda daga baya. Ya waiwaya, ya ce ya tare hanya, dole ya tafi.

"Ka ce wa mutumin kada ya wahalar da kansa ranar Litinin."

"To, Mama."

Fuskarsa ta ɓace, ta bar ta da tata a gilashin.

Ba a fi minti biyar ba ta ji ihun yara daga kan layi, wannan gida ya ɗauka ya miƙa wa wancan. Ta leƙa ta taga. Ƙwan lantarkin baranda ya kama da sauran rana, fankar falo ta fara juyawa ita kaɗai a ɗakin da babu kowa. Soket ɗin bango na can bayan kujera, taku goma sha biyu daga inda take, kuma cikin awa ɗaya zai cika allon.

Malama ta dubi allon. Kashi tara. Ta gyara riƙon bakin igiyar, ta jingina kanta da kujera, ta bar motar tana ta kaɗawa.