Waƙafi Biyu a Takardar Direbobi

Shekara ashirin da uku ta yi a teburin da ke bakin ƙofar manaja, a wani kamfanin dakon kaya, tun zamanin tafireta mai ƙara har aka kawo kwamfuta. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Manajoji shida ta yi wa sakatariya, kuma babu wanda takardarsa ta taɓa fita da kuskuren Turanci. Ta san inda waƙafi yake zama, ta san inda ake sa ruwa biyu a buɗe jerin abubuwa, ta san jimlolin da waƙafi mai ruwa ya fi dacewa da su fiye da mahaɗi.

Manaja na bakwai shi ne ya zo da jan biro. Matashi ne, ba ya rabuwa da kwat ko ana narkewa don zafi, shi ya sa direbobi suke ce masa Mai Kwat a bayan idonsa. Duk takardar da Anti ta buga sai ya bi ta yana yayyafa mata waƙafi kamar gishiri, ɗaya gaban kowane "and", ɗaya bayan kowane "but". Tana haɗiyewa, ta cire waɗanda za ta iya cirewa bai lura ba.

Ran wata Litinin direbobi uku cikin goma sha huɗu suka makara, karo na uku a wata guda. Mai Kwat ya ce a rubuta wa hedikwata a dakatar da su na mako ɗaya. Anti ta buga: "The drivers who came late on Monday are suspended for one week." A ƙasa ta sa ruwa biyu, ta jera sunayen ukun.

Takardar ta dawo mata da jan biro. Ya soke sunayen, ya dasa waƙafi biyu, ɗaya bayan "drivers", ɗaya bayan "Monday".

Ta ɗauke ta ta shiga ofishinsa.

"Yallaɓai, waɗannan biyun ba za su zauna a nan ba. In babu su, magana tana kan waɗanda suka makara kaɗai. In an sa su, ka ce duk direbobinmu sun makara, kuma duk an dakatar da su."

"Anti, waƙafi wurin numfashi ne. Karanta ki ji, mutum yana hutawa a nan."

"Mai karatu zai huta, direbobi ma za su huta, su goma sha huɗu. Ko sunayen ka bar mini."

"Takardar ofis ce, ba jerin cefane ba. Hedikwata suna da rajista." Ya ɗago kai ya yi murmushi. "Ni fa da Turanci na rubuta kundin digirina na biyu. Ke ki buga abin da aka ba ki."

Ta koma ta buga yadda ya ce, tana dukan madannan kamar su suka yi mata laifi. Wadda ya yi wa gyaran kuwa ta jefa ta a durowa.

Ran Laraba da safe ta tarar da motoci goma sha huɗu a jere a harabar kamfani, an loda musu kaya tun jiya, babu wadda aka tayar. Hedikwata ta aiko wa maigadi umarni kada ya ba kowane direba makulli. Direbobi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, a gabansu akwai dattijon da suke kira Baba Agogo, saboda bai taɓa makara ba tun da aka ɗauke shi aiki. Hularsa na hannunsa.

"Anti, ke kika buga cewa na makara? Ni? Jikokina su ji an dakatar da ni don makara?"

"Baba, yi haƙuri, zauna. Yanzu za a san wanda ya ce."

Kafin ƙarfe tara Darakta ya iso daga hedikwata, wayarsa na ta ruri, masu kaya suna neman kayansu. Ya shige ofishin manaja bai ko rufe ƙofa ba. Daga teburinta Anti ta ji muryar Mai Kwat a tausashe:

"Ranka ya daɗe, kuskuren bugawa ne. Ka san sakatariyar tamu ta kwana biyu, ido ya fara gajiya."

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizgo durowa, ta zaro takardar da ya yi wa gyara, ta shiga ba sallama, ta shimfiɗa ta a gaban Darakta.

"Ranka ya daɗe, idona lafiya lau. Ga abin da na buga da baƙi, ga abin da aka ƙara da ja. Ni ban da jan biro."

Darakta ya kalli takardar, ya kalli Mai Kwat, ya kalli agogonsa. "Ni ba malamin Turanci ba ne. A rubuta gyara yanzu, motoci su tashi." Ya fice da waya a kunne.

Shi ke nan? Anti ta tsaya tana kallon bayansa. An ci mutuncinta a gabansa, ga shaida a fili, amma ko "kin yi gaskiya" bai ce ba.

Mai Kwat ya gyara wuyan rigarsa. "Rubuta: saboda kuskuren bugawa da aka samu a takardarmu ta Litinin..."

"Ba zan rubuta ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan rubuta ba, yallaɓai. Waƙafinka na buga maka don kai ne manaja. Amma in zauna da yatsuna in buga wa kaina ƙarya? Ga kwamfuta, ga kujera."

Ta ja gefe ta harɗe hannuwa. Ya dube ta kamar zai yi magana, sai wayar teburinsa ta ɗauki ƙara. Ya cire kwat, abin da ba a taɓa gani ba, ya zauna a kujerarta. Da yatsa biyu yake neman haruffa, ya buga ya goge, direbobi sun yi layi a taga suna kallo. Sai da ya ci kusan rabin awa a kan layi uku. A ƙarshe bai ambaci kuskuren kowa ba, sunayen mutum ukun kawai ya jera, ya aika. Motoci goma sha ɗaya suka tashi da hantsi. Baba Agogo ya danna mata ham sau biyu da zai fita.

Bayan mako guda ta tarar da ambulan a teburinta: takardar tuhuma, wai ta yi wa shugabanta rashin kunya, ta ƙi bin umarni. Mai Kwat da kansa ya buga ta. Ta amsa masa da jimla uku, ta sa hannu, ta miƙa.

Da yamma ta koma gida tana huci, ta jefar da jaka a kujera. Maigidanta ya sauke jarida.

"Ki bar shi mana, takardar tuhuma ai ba kora ba ce."

"Wa ya damu da tuhumar? Ka duba nan ka gani!" Ta tura masa takardar har kan hancinsa. "Jimla ɗaya, layi bakwai, babu aya ko ɗaya. Waƙafi goma sha ɗaya, kuma wallahi ko guda bai faɗa a wurinsa ba. Kuma wannan za a saka a fayil ɗina, da sunana a sama!"