Tambaya ta Tara

Tun da matarsa ta samu aikin bin gidaje da kwamfutar hannu, mai walda bai sake jin daɗin abinci ba. Aikin dai tambayar mata ne yadda suke zaune da mazajensu, a tattara amsoshin don asibitoci su san unguwar da ke buƙatar ƙarin ma'aikata. Shi ina ruwansa da wannan? Abin da ya gani kawai kwamfuta mai lambar sirri, da wani shugaban aiki mai sanyin murya da ke bugo waya kullum da safe. Kishi ya ci shi har ya fara lalata ƙofofin mutane a shago.

"Me ke ciki da ba zan gani ba?"

"Sirrin mutane ne, Baban yara. Rantsuwa muka yi."

Wai rantsuwa! Kwana uku yana satar kallon yatsunta har ya haddace lambar. Ranar Talata da safe ta shiga wanka, ta bar kwamfutar a kan firji. Gogan naka ya ɗauka, ya danna lambar.

Babu saƙon kowa. Amsoshin matan duk an tura, sun kulle. Fom ɗaya ya rage, na gwaji, wanda ta cike da kanta ranar koyon aiki. Shekara talatin da ɗaya, 'ya'ya biyu, miji mai walda.

Yana fushi idan kin yi magana da wani namiji? I. Yana son sanin inda kike kowane lokaci? I. Ya taɓa zarginki da cin amana? I. Ransa ya ɓaci, ashe haka take kai shi gaba. Sai ya iso tambaya ta tara: Yana buɗe wayarki ko kayanki a ɓoye? A'a. A gurbin ƙarin bayani har ta rubuta, "Wannan kam ba halinsa ba ne."

Kunya ta rufe shi. Bai ji buɗe ƙofa ba, sai ganinta ya yi tsaye, ruwa na ɗiga daga kitsonta.

"Maman yara, dama ƙura nake goge miki."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓa, ta duba inda ya tsaya, ta goge yatsanta a jikin zane. Yana kallo ta share jimlar nan harafi bayan harafi, sannan ta mayar da A'a ta koma I.