Sautun Langkawi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa a Taiping. Ranar da na ajiye aiki, 'yarmu Suraya ta ce ta kama mana ɗaki na kwana biyu a tsibirin Langkawi, ni da babanta, dab da bakin teku. Abu ɗaya na roƙi mijina Shamsuri, wanda nake kira Abang.

"Abang, kada ka gaya wa kowa. Ko liman kada ya ji."

"Haba Lia, sai ka ce wani yaro?"

Washegari ya dawo daga sallar La'asar yana sosa ƙeya. Wai mutum ɗaya tak ya gaya wa, don kada a neme shi a sahu a rasa. Kafin magariba wayarsa ta fara ruri. Kowa ya san kaya sun fi araha a Langkawi, kowa kuma ya san bakin Shamsuri bai iya furta a'a ba. Wannan cakulan, wancan man gamat na ciwon gwiwa, matar maƙwabci turare, liman busassun ƙananan kifi. Shi kuwa sai "ba komai, ai a hanya yake" yake ta cewa, kamar shi ne zai tafi aiki ba hutu ba.

Babban sautu na Kak Esah ne, yayarsa da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Farantai take so, masu shuɗin fure, irin waɗanda ta saya shekara goma sha biyu da suka wuce, jikokinta suka fasa mata uku. Har hoton ɓallin faranti ta turo.

Muka bar motarmu a tashar jirgin ruwa ta Kuala Perlis, muka tsallaka. Da azahar muka sauka a garin Kuah, muka yi hayar wata ƙaramar mota.

"Mu kawar da sautun nan yau," in ji shi. "Gobe da jibi naki ne."

Shago tara muka shiga. A kowanne sai ya kira Kak Esah ta hoto, ya ɗaga faranti yana juyawa a gaban wayar kamar mai gwanjo.

"Ɗaga shi sama. A'a, Shamsuri, wannan furen ya cika girma. Nawa yana da ɗan ganye a gefe. Ina Lia? Ba ta wayar, kai ba ka da ido."

A shago na bakwai, tsohuwar da ke sayarwa ta turo mini kujera da ƙafa, ta ce, "Zauna, 'yar'uwa. Na ga irinsu. Mai faranti ba ya tafiya da wuri."

Sai bayan magariba muka isa masauki a Cenang. Tekun da aka biya kuɗi don in gani, sautinsa kawai na ji ta bayan labule. Shamsuri ya jera kwalaye a jikin bango, ya ƙure na'urar sanyaya ɗaki don kada cakulan ya narke. Na kwana da safa da mayafi biyu ina rawar ɗari, cakulan ɗin mutane yana shan hutu.

Rana ta biyu muka je hawa dutsen Machinchang, a cikin 'yan akwatunan gilashin nan da ke tafiya a rataye jikin waya. Awa ɗaya da rabi muka yi a layi, a bayan wasu 'yan yawon buɗe ido da suka ƙone a rana suka yi jawur kamar dafaffen jatan lande. Amma da muka kai ƙololuwa, na yafe wa kowa. Iska mai sanyi, gajimare a ƙarƙashin ƙafarmu, tsibirai barbaje a kan ruwa har iyakar gani. Na kama ƙarfen da aka kewaye wurin da shi na ce, "Abang, dubi ikon Allah."

Sai wayar ta yi kuka.

"Kada ka ɗauka."

"Kak Esah ce."

"Na san ita ce. Kada ka ɗauka."

Ya ɗauka. Wai wata ƙawarta ta ce akwai wani shago a Padang Matsirat da ke da tsofaffin samfura, amma mai shi yana rufewa ƙarfe biyu. Minti goma sha biyu muka yi a saman dutsen. Na duba agogo, don ni ungozoma ce, ban iya barin abu ya wuce ban san lokacinsa ba.

A shagon muka sami furen, da ɗan ganyensa a gefe, sai dai kore ne ba shuɗi ba. Kak Esah ta yi ta jimami, daga ƙarshe ta ce a sayo haka nan, za ta ba surukarta, amma a ci gaba da neman shuɗin. Muna fitowa sama ta ɓalle da ruwa, ba ta tsagaita ba sai dare.

Rana ta uku jirginmu ƙarfe biyu ne. Na idar da sallar Asuba, na sa kayan da zan shiga ruwa da su, sai na ga mutum tsaye a ƙofa da makullin mota.

"Kifin liman kawai ya rage. Minti talatin. Ke kika san mai kyau, ni za su haɗa ni da na bara."

Minti talatin ya zama awa huɗu, domin a hanya mutum uku sun tuna abin da suka manta. Ƙarfe ɗaya da rabi muna tasha da kwali goma sha ɗaya, ga zufa tana bin bayana, ga takalmina ko ƙwayar yashi ɗaya bai taka ba. Masu dako suna lodi a kura, Shamsuri yana bin su yana "a hankali, akwai fasassu." Na tsaya a bakin ƙofar shiga na ajiye jakata.

"Ba zan tafi ba."

"Me kika ce?"

"Ka raka kayanka gida. Ni ban zo ba tukuna."

"Lia, mutane suna kallonmu."

"Su kalla. In suna da sautu su ba ka."

Ya dube ni, ya dubi kwalayen da suka riga suka yi nisa, bakinsa a buɗe. Aka yi kiran ƙarshe. Ya bi kwalayen.

Na hau tasi na koma Cenang, na kama ɗan ɗaki a gidan wata dattijuwa mai kiwon kyanwoyi, na aika wa Suraya inda nake don kada hankalinta ya tashi. Daga nan na miƙe bakin teku, na shiga da kayana har ƙugu. Ruwan ɗumi gare shi, daidai wanda nake haɗa wa jarirai. Na zaci raina zai yi fari. Ina! Samari suna ta zarya a kan baburan ruwa suna cika mini kunne, jakata tana can kan yashi ba mai tsaro, na ga wata mikiya ta sure kifi kuma ba wanda zan ce wa ya duba. Na tsaya a cikin ruwa ina ta masifa a zuci, ina shirya abin da zan faɗa masa in na koma.

Rana ta kusa faɗuwa na hango wani tsoho yana tahowa a kan yashi da takalmi sau-ciki, yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Shamsuri ne. Ashe da ya tsallaka, ya zuba kwalayen a motarmu ya kulle, ya tambayi Suraya, ya biyo jirgin da ke dawowa. Ya zo ya tsaya inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ya ɗauki jakata ya rungume.

"Na kashe wayar," ya ce.

"Kai ka kashe ta, ko caji ne ya ƙare?"

Ya sosa ƙeya. "Caji ne."

"To cire takalmin nan, kana ba ni kunya."

Kwana biyu muka ƙara. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ce ya isa haka. Muka ci gasasshen kifi a wata rumfa, ya yi barcin rana a kan tabarma bakinsa a wangale, ban tashe shi ba.

Ba wanda ya tuna da motar sai da muka buɗe ta a Kuala Perlis. Kwana biyu tana gasuwa a tsakiyar fili. Cakulan ya narke ya tsiyayo ta gindin kwali ya malale kujerar baya, warin busasshen kifi ya auri ƙamshin turare suka haifi abin da ba shi da suna. Awa uku muka yi a hanya da tagogi a buɗe, ni da gefen mayafi a hanci, ina tuna masa wanda ya jawo, garin da muka wuce duk sai na sake tuna masa.

Mako guda ya yi yana bi gida-gida da cakulan da ya daskare a karkace yana ba da haƙuri. A rana ta takwas Kak Esah ta kira, ba wayarsa ba, tawa.

"Lia, an ce kin bar ƙanena ya hau jirgi shi kaɗai."

"Haka aka yi, Kak."

Na gyara zama ina jiran ruwan faɗa. Sai kawai ta tambaye ni:

"Ruwan da sanyi?"

"Da ɗumi."

"Sau huɗu ina zuwa Langkawi," ta ce, "ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Kullum a shago nake ƙarewa." Ta yi gyaran murya. "In za ku koma, ku tafi da ni. Zan gaya wa ƙawata Mak Cik Bedah ma, ita ma gwiwarta tana son ruwan gishiri."

Na kife wayar a kan tebur, na ƙwala wa Shamsuri kira ya zo ya ji abin da ya janyo mana. Yana can waje da bokiti da burushi, yana goge kujerar mota karo na huɗu.