Tawagar da Na Tara

Aikina a kamfaninmu ɗaga waya ne. Mutum ya kira ya ce manhajarmu ta ƙi buɗewa, in ba shi haƙuri, in tura kukansa ɗakin masu rubuta manhaja. Wancan ɗakin nake so in koma. Na daɗe ina koyon aikin a gida, har ƙanwata ta fara gaishe da kwamfutata kafin ta gaishe ni.

Sai aka sanar da wata gasa da ake kira hakaton, inda ake tara mutane a zaure ɗaya a ƙarshen mako, kowace tawaga ta haɗa sabuwar manhaja. Mutum uku ake so a tawaga, ba ƙari ba ragi. Oga ya ce in na shiga ya ga aikin hannuna, zai ba ni tebur a ɗakin nan. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Matsalar ita ce mutanen ofishinmu ba sa motsi sai an tura su. Na fara da Dogo, gwaninmu a rubuta manhaja, wanda ya ce shi hutunsa ba na wasa ba ne, sai dai in manhajar neman wurin ajiye mota za a yi. Na ce ai ita ce ma a raina. Na je wurin Anti, mai tsara mana fasalin shafuka, ta ce ta daɗe tana son abin da zai riƙa tuna wa mahaifiyarta shan magani. Na ce wallahi kamar ta shiga zuciyata. Da na tuna Dogo ya saba zillewa, sai na lallaɓi Shiru-shiru mai kula da injinanmu, don in sami na ajiya. Shi burinsa manhajar da za ta tsara layi a wurin firinta. Shi ma na ce masa to.

Ranar shiri muka haɗu a ɗakin taro, kuma ba wanda ya zille. Dogo ya zana filin motoci a allo. Anti ta zazzage kwalayen magani a tebur. Shiru-shiru ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya tambaya a hankali ko ɗakin ya ɓata. Anti ta ce me ya kawo mota cikin maganar hawan jini, Dogo ya ce shi ma abin da yake son ji ke nan. Duk suka juyo gare ni. Sai na ce bari in ɗebo ruwa.

Na daɗe a gaban injin ruwan ina shirya abin faɗa. Da na dawo dariya na tarar. Wai sun gano duk abu ɗaya suke nema, manhajar da za ta ce wa mutum lokacinsa ya yi, ko na magani, ko na firinta, ko na shigar da mota. An goge allon an cika shi da sabon zane, Shiru-shiru da kansa yana ta zuba. Oga na tsaye a bakin ƙofa yana gyaɗa kai. Na rasa ko murna zan yi.

“Madalla,” in ji Oga. “Ga mai rubutu, ga mai fasali, ga mai injina. Uku cif, yanzu na tura sunayensu.”

“Oga, ni fa?”

Ya dube ni da mamaki na gaske.

“Ai na ɗauka tara su kike yi. Kin iya da mutane, shi ya sa ba na son ki bar wayar nan.”

Anti ta ce subhanallahi, ita ta zaci Shiru-shiru rakiya ya yi. Shiru-shiru ya ce shi Dogo ya zata. Ina tsaye da kofuna huɗu a faranti, raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan ji haushinsa. Can waya ta fara ƙara a teburina, dukansu suka matsa suka ba ni hanya.