Rami Biyu a Salansar Baba

Babur ɗin Baba ya girmi Auta, ya girmi Yayanta ma. Salansarsa guda biyu miƙaƙƙun bututaye ne, babu komai a cikinsu, shi ya sa in aka tayar da shi da safe sai tagogin gidan hayar su ɗauki rawa.

Tun da hannun Baba ya fara karkarwa, Auta ce ke tuƙi, shi yana baya, ta sauke shi asibiti wurin gashin ƙashi kafin ta wuce aikinta. Ana haka aka yi sabuwar 'yar haya, wata nas mai aikin dare, ɗakinta kuma yana kallon rumfar babur. Ta yi haƙuri har ya ƙare, ta kai ƙara. Mai gidan ya zo da kansa, ya gaida Baba cikin ladabi, sannan ya ce ko babur ya rage murya kafin ƙarshen mako, ko ya bar gidan. Yaya ya ce dama akwai mai nema, a sayar kowa ya huta.

Auta ta gwada tura babur ɗin har bakin titi kafin ta tayar, amma layin hawa ne, shi kuma nauyin bijimi gare shi. Sai ta nufi wurin mai walda. Ya auna bakin salansar, ya yanko gajerun bututaye biyu, ya yi musu huje-huje kamar rariya, ya ce in an cusa su ciki za su karya ƙarar. Sai dai dole a huda kowace salansa a ɗaure da noti, in ba haka ba ba za su zauna ba.

Baba da jin zancen huda ya kafe. Ya ce tun daga kamfani ƙarfen nan bai taɓa ganin rami ba, kuma duk inda aka huda nan tsatsa ke shiga.

"Ki huda kunnena in kina so, Auta, amma ban da salansa."

Ta ce to. Ta ɗebo soson ƙarfe na wanke tukunya, ta nannaɗe bututayen da shi har suka yi kauri, ta sa katako da guduma ta dandanna su ciki. Ta ja da filaya, ko motsi. Da la'asar ta buga kik, babur ya tashi da wata murya ƙasa-ƙasa, har Baba ya gyaɗa kai daga kan kujerarsa. Daɗi ya kama ta, ta murɗa mai. Na hagun ya fito kamar harsashi, ya ratsa tsakar gida, ya daki bokitin nas ɗin da ke bakin ƙofa.

Nas ta fito da ɗankwali a karkace, ta sa tsumma ta ɗauko ƙarfen don yana da zafi, ta miƙo mata.

"Ƙanwata, da barci kawai kike hana ni. Yanzu kuma harbi muka koma?"

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bari ya kira mutumin da ke son sayen babur ɗin tun kafin a kashe wani. Auta ta ji kamar ta nutse. Ta ba nas haƙuri, ta roƙi Yaya ya dakata zuwa gobe, ta zura takalmi ta fita. Ba ta dawo ba sai da injin huda ƙarfe da ta aro wurin mai walda. Ta ajiye shi a gaban Baba, ta durƙusa.

"Baba, rami biyu ne, ta ƙasa, inda ba mai gani. In ba mu yi ba, wani zai hau shi ya tafi, ya huda inda ya ga dama, mu kuma ko ƙararsa ba za mu sake ji ba."

Baba ya kalli injin. Can ya ce ta kama shi ya sauko daga kujera. Ta shimfiɗa kwali, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya zura hannunsa mai rawa ƙarƙashin salansar yana shafawa, har yatsansa ya tsaya. Ya ce nan, kuma ta fara sa ƙusa ta yi ɗan lotsi, ta ɗiga baƙin mai, don kada bakin injin ya zame.

Duk da haka sai da ya zame. Ya ja zane fari a jikin ƙarfen, Baba ya runtse ido kamar shi aka yanka. Auta ta tsaya. Ta goge hannunta a zani, ta zurfafa lotsin, ta sake dafawa da dukkan ƙarfinta har ta ji bakin ya faɗa ciki. Na biyun bai ba ta wahala ba. Ta shafa giris a bakin ramukan, ta mayar da bututayen, ta ɗaure kowanne da noti bibbiyu saboda jijjiga.

Da ta tayar, babur ya yi ta tari yana baƙin hayaƙi, don numfashinsa ya sauya. Baba ya kara kunne, yana cewa ta juya sukurun kafireto kaɗan, ta ƙara, ta dawo baya, har injin ya daidaita. Ta murɗa mai iya murɗawa. Babu abin da ya fito.

Washegari da safe ta buga kik idonta na kan tagar nas. Labule bai motsa ba. Yaya, da buroshi a baki, ya ce shi ke nan, zai gaya wa mutumin ya nemi wani. Baba ya hau baya yana gunaguni wai an mayar masa da babur keken ɗinki.

Sun haura layin ke nan ta ji murya a bayan kunnenta, tar da ita.

"Rage wuta, akwai rami gaba. Sa giya ta biyu. Ba haka ake kwana ba."

Ta tambaye shi yaushe ya fara koya mata tuƙi kuma. Ya ce ai tun ranar da ta fara ɗaukarsa yake yi, ita ce ba ta ji.