Kiran Ranar Laraba

Jinkar ɗakin girki tana zaune a tsakar gida kamar ƙatuwar malafa, kaji suna shiga suna fita ƙarƙashinta. Jibirin ya tsaya yana kallonta, dantsensa yana zogi inda aka yi masa allurar rigakafin shawara a Talata Mafara da safe. Ya manta abin da ya shigo ɗauka.

"Igiya ka zo nema," in ji mahaifiyarsa, Inna Zuwaira, daga bakin rumbu. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "In ka ɗaure buhunan, ka kai ƙanwarka Saratu wurin unguwarzoma. Ƙafafunta sun sake kumbura."

"Ana jirana Bakura, Inna."

"Bakura ba ta da ciki wata tara."

Ranar Asabar manyan motoci za su kwashe mutanen Tungar Yari zuwa sabon matsuguni a kan tudu, wajen Maradun, domin ruwan madatsar Bakolori zai cinye garin. Ranar Alhamis kuma motar ƙungiyar makaɗan Malami za ta ɗauke shi zuwa Kano, daga can jirgi ya kai su Italiya wasa. An zaɓe shi saboda gangar noma da ya gada, da kuma Turancin sakandare. Kwana biyu ne tsakanin tafiye-tafiyen, kuma kwana biyun nan su suka hana shi sakat.

Mako uku ke nan yana kan keke. Mafara don hoto da takardu, Bakura don gwajin kiɗa, gida don kwasar gero da sauke jinka. Ran nan ya kai wa ma'aikacin fasfo maganin ƙanwarsa a madadin hotuna. A wurin gwaji ya tsinci kansa yana lissafin azara nawa keken shanu zai ɗauka, har Malami ya daka masa tsawa.

Mahaifinsa, Labbo, yana zaune a zaure, hannayensa suna rawa a kan gwiwa. Shekara biyu rabonsa da riƙe gular kiɗa.

"Dattawa sun gama magana," ya ce. "Ba za a loda mu kamar awaki ba. Kowane gida sai ya ji takensa sannan shi fito, yadda munka saba ranar gayya. Gida arba'in da ɗaya. Ka san su duka."

"Baba, Asabar ina cikin jirgi."

"Na ji."

"To, wa zai kaɗa?"

Tsohon ya ɗaga hannayensa masu rawa, ya dube su, ya mayar. Bai ce kar ka tafi ba. Da ya faɗa, da Jibirin ya san abin da zai yi gardama da shi.

A Bakura, bayan gwaji, ya ga rikodar Malami a kan benci, sai dabara ta faɗo masa.

"Ranka ya daɗe, ara mini wannan zuwa jibi."

Malami ya gyara hula. "Ɗan boko zai yi wa budurwa saƙo ke nan? Ɗauka. Amma Alhamis da hantsi ka tsaya bakin titi da gangarka. Ba ni shiga wancan garin naku, rabinsa ya riga ya mutu."

Bai gaya wa mahaifinsa ba. Zai kaɗa taken gidajen duka a kaset, ranar Asabar wani ya danna maɓalli, shi ke nan an sallami kowa. Laraba bayan azahar ya rataya gangar, ya wuce lambuna, ya zauna gindin wata tsamiya a bakin fadama. Iska tana kaɗawa wajen kogi. Ya tabbatar wa kansa ba za a ji ba.

Ya fara a hankali da taken Sarkin Noma Balarabe, wanda a kullum shi ne farko. Sautin ya fito a shaƙe, ba rai. Ya maido kaset baya, ya sake. Gangar noma ba a yi ta don raɗa ba. Kafin gida na biyar hannunsa ya ƙwace masa. Ya kaɗa na maƙera, na gidan liman, na Isa mai jaki wanda ke sa mata dariya. Ya kaɗa na gidajen da masu su suka rasu, 'ya'yansu suka gaji taken. Bai san lokacin da iska ta juya ba.

Da ya dawo la'asar sakaliya, bai gane garin ba.

Jinkaye a ƙasa, layi-layi. Gadaje, turame, tukwane, akwatuna, duk an jere su a filin bakin hanya. Mata sun goya yara suna zaune kan ƙunshi. Gidaje sun fito bi da bi, daidai yadda ya kira su, na Sarkin Noma a gaba. Har Saratu tana can kan tabarma, ta jingina da buhu, tana numfashi da baki.

Sarkin Noma Balarabe ya taso, ya kama hannunsa da hannu bibbiyu.

"Madalla, ɗan Labbo! Jikina har tsuma ya yi. Rabon da in ji an kira ni haka tun ubanka na da ƙarfi. To, ina motocin? Sun matso da ranar ne?"

Jibirin ya buɗe baki. Rikodar tana rataye a kafaɗarsa cikin jakar leda.

"Sarki, ba kira na yi ba. Ɗauka nake yi a kaset, saboda Asabar."

"Ɗauka?" Dattijon ya juya ya dubi jama'a, ya sake dubansa. "Takena ka kaɗa ko ba takena ba?"

"Naka ne."

"To, mi kake so in yi in na ji shi? In juya in ci gaba da barci?"

Wani ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. Jibirin ya ce a koma ciki, kwana uku ne kawai. Aka dube shi kamar ya yi wani yare. Wanda aka kira da takensa ya fito gaban jama'a, ba ya komawa sai an yi abin da aka kira shi dominsa. Ko da ma, babu rufin da za a koma ƙarƙashinsa. Gabas kuwa hadarin farko na shekara ya fara haɗuwa.

Labbo yana zaune kan turmi a ƙarshen layi. Jibirin ya durƙusa gabansa.

"Baba, na yi kuskure."

"Kiɗan dai babu kuskure. Na saurara, ba ka tsallake kowa ba." Ya gyara zama a kan turmin. "Amma makaɗi shi ke gaban mutanen da ya tayar, har su sauka. Haka na tarar. Kai kuma ka yi karatu, ƙila akwai wata hanya da ban sani ba."

Alhamis da hantsi motar ta tsaya a bakin titi. Jibirin yana wurin, ganga a kafaɗa, rikoda a wuya, jakar tafiya a hannu, fasfo a aljihun gaba. Bayansa gari guda ne zaune a fili, ana hura wuta tsakanin duwatsu, ana shanya tabarmin da yayyafin asuba ya jiƙa. Kallonsa kawai suke yi.

Malami ya leƙo ta taga. "Subhanallahi! Wane ne ya rasu?"

"Ba kowa."

"To, shigo mana. Kano ba nan kusa ba ce."

Jibirin ya ɗaga ƙafa, ya sauke. Ya ji Inna tana kiran unguwarzoma da ƙarfi, sau biyu. Ya juya. Ya sake juyowa.

"Kai, yaro, magana nake! Za ka ko ba za ka ba?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Malami ya dube shi, ya dubi filin, ya daɗe. Sannan ya miƙo hannu ya zare jakar rikodar daga wuyansa.

"Wannan dai tawa ce," ya ce, ya buga wa direba ƙofa.

Motar ta yi nisa kafin Jibirin ya tuna kaset ɗin yana ciki. Gida arba'in da ɗaya sun kama hanyar Italiya.

Sarkin Noma ya matso, ya tsaya kusa da shi, suna kallon titin tare.

"To, makaɗi," ya ce, "gaba kake. Ina munka nufa?"