Gafiyoyin Baba Sebastian

Tun safe Clara ta kasa zama. Ta buɗe takardar, ta rufe, ta leƙa ƙofar ɗakin gwaji, ta dawo. Ran Litinin za ta miƙa aikinta na digiri a likitancin dabbobi. In ranar ta wuce ta, sai baɗi.

Aikin kuwa ya yi kyau, kyan ne ma ya dame ta. Gafiya arba'in ta kama da kanta a gonakin Samaru, ta ƙirga tsutsar cikin kowacce, matsakaici ya ba ta sha biyu. Arba'in ɗin gefen Sabon Gari, Baba Sebastian mai tarko ya kawo mata, su kuma talatin da ɗaya. Ƙa'idar gwajin, a fara da cewa babu bambanci, sai in lissafi ya ƙaryata. Kwamfuta ta ce ko sau ɗaya cikin dubu, sa'a kaɗai ba za ta ba da wannan tazara ba. Malaminta, Dokta Ejiofor, har cewa ya yi, "Wannan sai mujalla."

Amma ita ta feɗe su. Na Baba duk ƙashi da fata ne.

Ta hau bas zuwa unguwar PZ, ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar da shi bayan gida yana gyaran tarko, ga keji cike da gafiyoyi ɓul-ɓul.

"Baba, waɗannan daga ina?"

"Ƙauyen Jama'a, 'yata. Inda na kamo naki."

"To me ya sa nawa suka rame?"

Ya yi dariya. "Waɗannan na masu farfesu ne. Ke ba cuta kika ce kina nema ba? Zama na yi na tsince miki masu ciwo, ɗaya bayan ɗaya. Kin san wahalar da na sha?"

Clara ta dubi kejin. Ba wanda ya ji sai ita. Takardar na cikin jaka, da sa hannun Dokta.

Ta kai bakin titi, ta tsaya, ta juyo.

"Baba, ku ara mini tarkunan. Duk wadda ta shiga tawa ce, mai ƙiba da ramammiya."

"Wasu gafiyoyin arba'in? Sai kin yi wata biyu."

"Na sani."

A PZ ta tsaya wurin mai waya a ƙarƙashin lema, buhun tarko a kafaɗa.

"Dokta, Clara ce. A cire sunana daga na Litinin."